Jirgin da Ke Kan Yashi

Shekara tara da ƙafewar tafkin, amma jirgin horar da sojan ruwa yana nan zaune a kan yashi, dokarsa kuma ba ta canja ba: ɗalibin da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya nutse ke nan, horonsa ya ƙare.

Malam Barau, tsohon masunci, ya iso gindin jirgin da hantsi, ya ɗaga kai ya kira 'yarsa.

Asabe ta leƙo cikin farin kaki. "Baba, lafiya?"

"Jikin Innarki ya tsananta. Tun jiya sunanki take kira."

"Kwalekwalen da tarakta ke ja sai Juma'a zai zo. Wata biyu ya rage mini, Baba. In na sauko yanzu, shekara uku ta tafi a banza."

Wani hafsa ya busa usur daga zaune. Aka jefo wa Malam Barau tayar ceto, yadda ake yi wa duk wanda aka gani a ruwa. Ta faɗi tim a gabansa.

"Zan ce mata kina tsakiyar tafki," in ji shi.

Ya juya. Sai da ya yi nisa ya lura ya naɗe wandonsa har gwiwa.