Wadda Ta Miƙe Ita Kaɗai

Adesewa ce kaɗai ta miƙe a zauren taron makarantar. Jiya 'yan ajinsu talatin suka rantse cewa idan aka fito da Tinuke gaba, za su tashi gaba ɗaya, tunda ba a korar aji guda. Yau kowacce ta kafa wa takalminta ido.

Tinuke na durƙushe. A hannun shugabar makaranta ga wasiƙar soyayyar da aka tsinta a akwatin Tinuke, wadda ta rubuta wa wata ɗaliba, babu suna.

"Ke kuma fa, lauyar 'yan iska?" in ji shugabar, tana kallon Adesewa.

"Ma, saura sati biyu jarrabawar fita. Ba ta cuci kowa ba."

Shugabar ta juya kan Tinuke. "Faɗi wadda kika rubuta wa, ko na kira 'yan sanda."

Adesewa ta san amsar. Morayo ce, ga ta can a layi na uku. Tinuke ta saci kallon Morayo, ta share hawayenta, sannan ta miƙa yatsa wajen Adesewa.

"Ita ce, Ma. Ba ki ga ita kaɗai ta tashi ba?"