Sunan da Jirgin Ke Kira

Tun da aka kafa dokar harbo duk jirgin da ba ya shelar sunan mai shi a sama, ƙaramin jirgin Lantana yake ajiye a Nguru. Yau ga ɗanta maciji ya sare shi, ruwa kuma ya cinye hanyar Kano.

"Hajiya, sabuwar na'urar shelar suna ba ta samuwa," in ji Tanimu makanike. "Sai wadda na ciro daga tarkacen jirgin marigayi maigidanki. Har yanzu sunansa take kira."

"Ɗaura ta haka nan."

Suna tashi, muryar injin tsaro ta shigo rediyo: "Mai jirgi, faɗi sunan da na'urarka take kira, ko a harbo ka."

Tun ranar da aka kai ta ɗakin mijinta, bakinta bai taɓa kama sunan nan ba, ko a gaban gawarsa. Maigida take cewa. Ta waiwaya, ta ga numfashin yaron yana sama-sama.

"Haladu," ta ce.

"Barka da dawowa, Haladu," in ji muryar. "An buɗe maka hanya."