Inda Ciyawa Ta Fi Kore

"Ina son wurin da ɗan Adam bai taɓa takawa ba," in ji wata Baturiya 'yar yawon buɗe ido, tana shimfiɗa taswirar gandun dajin a teburin ofishinmu.

Maigidana ya harare ni. "Kai direba, nuna wa madam mana! Ko sai an roƙe ka?"

Na ɗora yatsa gabas da kogi.

Bayan kwana uku na tsayar da mota a can. Fili ne zagayayye, kore shar a tsakiyar rani, jakunan dawa da bareyi sun cika shi maƙil.

Ta yi ta ɗaukar hoto, har da ƙwalla. "Me ya sa nan kaɗai ke da ciyawa haka?"

"Ikon Allah ne, madam."

Ban gaya mata kashin shanu ne ba. Shekara arba'in garken babana yana kwana a nan, kafin a kwashe mu a ce namun daji na bukatar sarari.

Cikin ciyawar na hango duwatsun murhun innata. Na buɗe ƙofa zan sauka, ta riƙo rigata.

"Kada ka taka! Za ka ɓata musu wuri."