Turin Motar Baba Sallau

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo, kunnenmu na nan!

Shekarar da aka hana fetur, Baba Sallau ya kai tsohuwar motarsa gareji, aka cire inji da giya, aka sa mata na batir mai magana. Da can ba ta tashi sai maƙwabta sun tura, kuma tun rasuwar matarsa wannan turin ne kaɗai hirarsa.

Da safe ya leƙo ta taga. "Jama'a, a taimaka, ta ƙi!"

Motar ta ce, "Lafiyata ƙalau. Na rubuta maka ƙarya ɗaya."

Tanko mai shayi ya naɗe hannun riga. "Ke 'yar jiya, yi mana shiru! Baba, kama sitiyari."

Har yau maƙwabta na turi, Baba na shan hira, motar kuwa tana ta rubutu.