Ranar Da Tafki Ya Daina Kumfa

Shekara tara ke nan da aka hana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta a garin nan. Ƙananan halittun tafkin bayan gari su ke cinye dafin ruwan masai, su fitar da shi kumfa, ruwan ya dawo famfo. Maganin kuwa, in ya bi fitsari, kashe su yake yi. Duk mai buƙatarsa, sansanin majinyata ake kai shi.

Da hantsi Sha'aibu, mai kula da tafkin, ya shiga gidan yayarsa.

"Yaya Barira, kwana uku tafki bai yi kumfa ba."

"Ni na hana shi?"

"Na ga Innarmu ta tashi daga jinya har tana shara. Me kika ba ta?"

Barira ta ci gaba da tankaɗe. "Wa ya taɓa dawowa daga sansani? Tsohuwa ɗaya ce za ta kashe tafki guda?"

"Kowane gida haka ake cewa."

Sai 'yarta ta fito rungume da jariri. "Kawu, duba mini leɓensa. Tun da ya sha ruwan famfo ya yi shuɗi."

Inna ta yi tari a ɗaki. Barira ta taɓa bakin zanenta, inda sauran ƙwayoyin maganin huɗu ke ƙulle.