Injin Mutari Ya Daina Huda Katako

Mutari ya ɗaga murfin injin ya ciro katakon, ya juya bayansa, ya yi tsaki. Layin ya ƙone baƙi ƙirin a sama, amma bai huda ba. Haka ya wuni jiya, haka kuma ya tashi da shi yau.

Injin laza ne, irin wanda ke yanka fata da siraran katako da zaren haske mai zafi, bisa zanen da aka ba shi a odinata, wato kwamfuta. Mutari ya girke shi a gidansa da ke unguwar Zango a Damagaram, cikin ɗakin da ke manne da na matarsa Aliya. Yana sabo, aikinsa abin kallo ne. Dukawa na kawo fata a fitar musu da ado, masu shaguna na son allon suna. A lokacin, wucewa ɗaya haske ke yi, guntun katako ya faɗo da kansa.

Sannu a hankali injin ya fara nawa. Abin da yake yankawa a zagaye ɗaya ya koma sai an maimaita. Gefen aiki ya riƙa fitowa da gawayi, hayaƙi kuma ya daina bin bututu, ya koma cika tsakar gida.

Mutari bai rasa wanda zai ɗora wa laifi ba. Yau ya ce kuran ne, wato wutar lantarki, ba shi da ƙarfi, gobe ya ce katakon bana ne ba shi da kyau, jibi ya ce 'yan kasuwa sun sayar masa da gwanjo a kwalin sabo. Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba: ya sunkuya ya duba cikin injin.

Da abin ya ishe shi, ya kira Alhaji Zakariya'u, Bakanon da ya kawo masa injin, ya zazzage masa faɗa a waya. Alhaji ya bari ya gama, sannan ya tambaye shi yaushe rabon da ya goge ƙwayar gilashin da hasken ke bi ta ciki, da maduban da ke juya shi. Alhaji ya bayyana masa cewa hayaƙi ne ke daskarewa a kansu ya tare hasken, kuma auduga da ɗan alkol irin na wanke ciwo sun isa. Ya ce masa ya kwashe ɓarɓashin da ke taruwa a ƙarƙashin ragar da ake ɗora katako a kai, ya kakkaɓe fankar da ke jan hayaƙi, ya canza ruwan da ke sanyaya injin.

"Kuma Malam Mutari, don Allah kada ka kunna shi ka bar wurin. Wuta ce fa kake aiki da ita."

Mutari ya ce ya ji. Yana kashe waya ya ce wa Aliya duk surutu ne na mai neman kare kayansa. Shi da ke da aiki jibge, ina ya ga lokacin zama yana goge gilashi da auduga?

Dabarar da ya ga ta fi masa sauƙi ita ce ya ƙure ƙarfin hasken, ya rage saurin tafiyarsa, ya sa shi ya bi layi ɗaya sau da yawa. Katako ya fara huduwa, amma aikin ɗan lokaci ya koma cin rabin wuni.

Aliya ta yi magana har ta gaji. Ta ce jaririyarsu Rahama na tari, ta ce ta ga wani ɗan harshen wuta na lasar katako ta gilashin murfin. Ya ce mata haka injin yake, ta bar masa abin da ba ta sani ba.

Ranar da abin ya faru, wata makaranta a Hamdara ce ke jiran allunan kyauta na ɗalibai. Mutari ya ɗora katako bayan azahar, ya tsaya yana kallon kan injin na jan jiki kamar mai ciwon ƙafa. Haƙurinsa ya ƙare. Ya ja ƙofa, ya tafi fadar abokansa a bakin titi shan shayi, a kan zai dawo kafin ya gama.

Tartsatsi ya faɗa cikin ɓarɓashin da ya daɗe yana taruwa. Daga nan wuta ta kama fatun dukawa da ke jingine, ta hau rufi, ta tsallaka ɗakin da Rahama ke barci. Aliya na wanki a bayan gida. Kafin maƙwabta su iso da bokitai, ta riga ta ture ƙofar ƙarfen da ta yi zafi da tafukanta, ta fito da yarinyar a ƙunshe cikin zane.

Da sojojin pompiye, 'yan kwana-kwana, suka kashe wutar, ɗakuna biyu sun zama toka, har da injin da kayan jama'a.

A gidan likita Mutari ya tarar da Aliya zaune, hannayenta biyu naɗe da bandeji har gwiwa. Ya buɗe baki ya fara cewa wataƙila kuran ne ya dawo da ƙarfi. Ba ta ko dube shi ba.

"Malam, ɗauki Rahama, tana kuka. Ni ba zan iya ɗaukarta ba."

Jama'a, idan na'ura ta fara nawa, gaya muku take yi tana son gyara, ba ƙarin ƙarfi ba. Ku tsabtace kayan aikinku, ku saurari wanda ya san su, kuma kada ku taɓa barin injin da ke yanka da wuta yana aiki babu kowa a kansa. Sakacin mutum ɗaya, iyalinsa ne ke fara ɗanɗana shi.