Haushin Kare a Bayan Katanga

Tun da ruwan bana ya yawaita Verna Culpepper ta daina taka tsakiyar ɗakin girkinta. Katakon daɓen ya ruɓe, yana lotsawa in an taka, don haka sai ta bi gefe-gefe tana dafa bango.

Gidan tirela ne, irin mai tayoyi da ake ja da mota, wanda marigayi mijinta Hoyt ya jawo ya ɗora kan bulo tun suna da ƙuruciya, lokacin da wannan yanki na jihar Jojiya gonakin auduga ne da makiyayar shanu. Yanzu birni ya cim musu. Tsofaffin maƙwabta sun sayar sun tashi, aka jera sababbin benaye iri ɗaya, aka zagaye su da doguwar katangar katako. Ruwan da kwaltarsu ta ƙi sha kuwa, gangarowa yake ya kwanta ƙarƙashin tirelar Verna.

Sau ɗaya maƙwabcinta na bayan katangar ya taɓa yi mata magana. Leƙowa ya yi, ko gaisuwa babu.

"Baiwar Allah, waccan matacciyar motar da kajin nan, sai yaushe? Kina karya mana darajar gidaje."

"Yaro, ranar da aka sayi motar nan ko yaye ka ba a yi ba," in ji Verna. "Kajin kuma sun riga ka zuwa unguwar."

Ta ji daɗin amsar da ta ba shi, amma daɗin bai daɗe ba. Mutumin ya kai ƙara, ma'aikacin ƙaramar hukuma ya zo, ya sa aka janye motar, kajin kuma ta rabar. Da zai tafi ya tsaya ya daɗe yana kallon rufin tirelar da tsatsa ta cinye. Wannan kallon ne ya hana ta sakat. Duk motar da ta rage gudu a bakin titi, sai ta leƙa ta bayan labule.

Ƙanwarta Opal, da ke zaune can Alabama, ita kaɗai ta san zancen daɓen.

"Yaya, ki kira kafinta mana," ta ce da ita a waya. "Ko ki gaya wa mutanen coci."

"In wani ya ga daɓen nan, gobe hukuma ta ce gidan ba ya zaunuwa. Ina zan nufa? Wurinki? Mu da ko shayi ba ma sha tare ba mu yi faɗa ba?"

"Taurin kan nan naki shi zai kashe ki."

"To, shi ya kawo ni yanzu dai."

Opal ta yi tsaki ta kashe wayar. Verna ta jawo tsohon kafet ta rufe wurin, don kada ma ita kanta ta riƙa gani.

Wata safiya ta ji mota ta tsaya a waje. Hankalinta ya tashi, ta yi sauri za ta leƙa taga, ta manta ta ratsa ta tsakiya. Daɓen ya burma. Ƙafarta ta dama ta shige har cinya, ta ji ƙashi ya karye, ƙusa mai tsatsa ta keta naman. Motar kuwa juyawa kawai ta tsaya yi, ta wuce abinta.

Ta yi yunƙurin zaro ƙafar, azaba ta sa ta ga duhu. Wayar na kan tebur, hannunta bai kai ba. Ta yi ihu har muryarta ta dushe. Karenta Tater, da ke ɗaure a baranda, ya kama haushi yana kartar ƙofa.

Ranar Asabar ce. Tana jin komai na bayan katanga: injin yankan ciyawa, dariyar yara, har ƙamshin naman da suke gasawa yana shigo mata. Can ta ji muryar maƙwabcin, kusa ƙwarai, sai ta ce a ranta, Allah ya kawo ɗauki.

"Ke! Ki yi wa karenki magana mana! Muna da baƙi!"

Ta buɗe baki, abin da ya fito bai wuce ƙofa ba. Ta ji takunsa yana komawa, aka ƙara sautin kiɗa.

Rana ta faɗi, ta fito, ta sake faɗuwa. Ƙishirwa ta busar mata da harshe, ƙafar ta kumbura a cikin ruwan da ke kwance ƙarƙashin gidan. Wayar ta yi ƙara ta gaji. Opal ce ke kira, ta ɗauka fushi Yaya take yi. Tater bai daina haushi ba, sai dai muryarsa ta koma kamar tari.

Maƙwabcin ya kai ƙarar karen wurin hukuma. Ma'aikaciyar kula da dabbobi da aka turo ta ga kare babu ruwa babu abinci, ta ƙwanƙwasa shiru, ta leƙa taga, ta ƙwalla ƙara.

Likitoci sun ceto ranta, amma ƙafar sai da aka yanke. Kafin ta bar asibiti hukuma ta rufe tirelar, katafila ta zo ta kwashe. Aka sama mata gado a gidan tsofaffi.

Ana gobe za a kai ta, nas ta shigo da furanni.

"Mama, wani mutum ya bar miki wannan. Ya ce shi maƙwabcinki ne, shekaru kuna tare." Nas ɗin ta ajiye su a gefen gadon. "Na ce ya faɗi sunanki in duba, ya tsaya yana kallona. Bai sani ba, da kwatance na gane ke yake nufi."

Verna ta juya fuskarta wajen bango.

Mai karatu, kafin ka kai ƙarar maƙwabcinka, ka fara ƙwanƙwasa ƙofarsa ka ji ko lafiya. Wulaƙanta mai rauni yana sa shi ɓoye matsalarsa, har ta halaka shi kana ji kana gani.